Idan aka rushe hukumar gyaran dokoki aka kafa wata, ina ma'aikatanta da ayyukanta suke komawa?

Ɗan Madina:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamai da iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a nan Madina, ina karatun digiri na biyu a fannin dokoki, kuma binciken da aka ba ni ya shafi hukumomin da gwamnatoci suke kafawa domin su riƙa bibiyar tsofaffin dokoki suna ba da shawarar gyara. A cikin karatun nan ne na ci karo da abin da ya faru a Ostireliya. Sun kafa hukumarsu da wata doka ta 1973, ta fara aiki a 1975 ƙarƙashin jagorancin alƙali Michael Kirby, sannan a 1996 majalisar ƙasar ta maye gurbinta da sabuwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, dokoki biyu aka yi a lokaci guda: ɗaya ta kafa sabuwar hukumar, ɗaya kuma babban aikinta shi ne soke tsohuwar doka da bayyana yadda za a mayar da ma'aikata da kadarori da ayyukan da ba a kammala ba zuwa hannun sabuwar.

Tambayata ita ce, me ya sa ake buƙatar duk wannan wahala, alhali ofis ɗin shi ne, mutanen su ne, aikin ma bai canza ba? Ashe bai isa a ce an sauya suna ba? Sannan ina so in san abin da ke faruwa da ma'aikaci a irin wannan hali, ko ana ɗaukarsa sabon ma'aikaci ne, ko kuwa shekarunsa na baya suna binsa. Idan kuma da wanda ya san yadda ake yin irin wannan a nan Saudiyya, zan so ya haska mini, domin malamina ya ce lalle in kawo misali daga ƙasar da nake zaune a cikinta. Allah ya saka da alheri.

Abu Safwan (Riyad):

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu. Aikina duba kwantiragi ne da ba kamfanoni shawara, saboda haka ta wannan ƙofar zan shigo maka.

Hukumar da doka ta kafa, a idon shari'a mutum ce mai zaman kanta: tana mallaka, tana cin bashi, tana sa hannu a yarjejeniya, tana kai ƙara ana kuma kai ƙararta. Ranar da aka soke dokar da ta haife ta, wannan mutum ya mutu, ko da kuwa kujeru da kwamfutoci suna nan inda suke. Sabuwar hukumar wata halitta ce dabam, ba ta gadon komai sai abin da doka ta ce ta gada. Idan ba a rubuta ba, mai gidan da aka yi hayar ofis a wurinsa yana iya cewa wanda ya ƙulla da shi ba ya nan, banki yana iya ƙin sakin kuɗin da ke cikin asusu, wanda yake bin hukumar bashi kuma ya rasa wanda zai kai gaban alƙali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lauyoyi sun fi kowa iya gano tsagar. Shi ya sa ake rubuta tanade-tanaden wucin gadi, waɗanda suke cewa daga rana kaza kadarori da basussuka sun koma kan sabuwar hukuma, duk takardar da ta ambaci tsohuwar a karanta ta kamar sabuwar ta ambata, ƙarar da ke gaban kotu ta ci gaba da sabon suna, mambobin da wa'adinsu bai ƙare ba kuma su ƙarasa shi ko a sallame su bisa ƙa'ida. Raba su zuwa doka ta dabam, kamar yadda Ostireliya ta yi, tsafta ce kawai ta masu tsara doka, domin waɗannan sassa aikinsu na ɗan lokaci ne, ba a so su cika dokar da za a yi shekaru ana amfani da ita. Wasu ƙasashe a ƙarshen sabuwar dokar suke sanya su, kuma hakan ma daidai ne.

Amma hukumar gyaran dokoki tana da wani abu da hukumar kwastan ko ta ruwa ba ta da shi, kuma a nan nake so ka tsaya sosai a bincikenka. Dukiyarta ta gaskiya ba gini ba ce, aikin da ke kan tebur ne. A Ostireliya, Antoni Janar ne yake miƙa wa hukumar batun da za ta bincika, da iyakokinsa da ranar kawo rahoto, kuma bincike ɗaya yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye, ana fitar da takardar neman ra'ayi, jama'a da ƙungiyoyi suna aiko da amsa, wasu ma bisa sharaɗin a ɓoye sunansu. Idan aka soke hukumar ana tsakiyar wannan, dole doka ta faɗi cewa batun da aka miƙa wa tsohuwar ana ɗaukarsa kamar sabuwar aka miƙa wa, in ba haka ba duk abin da aka tattara ya zama ba shi da uba, alƙawarin sirrin da aka yi wa mutane kuma babu wanda yake ɗauke da nauyinsa.

Ka duba Kanada ka ga abin da ke faruwa idan babu magaji. Hukumarsu ta farko ta fara aiki a 1971, ta yi shekaru tana rubuta daftarin sabon kundin laifuffuka, ta fitar da shi a wajen 1987. A kasafin kuɗin 1992 gwamnatin Brian Mulroney ta sanar da rufe ta, kuma har yau ba a mayar da wancan daftari doka ba. An kafa wata a 1997 bisa wata doka ta 1996, gwamnatin Stephen Harper ta yanke mata kuɗi a 2006, sai a kasafin 2021 aka sake ware mata, ta dawo aiki a 2023. Tsakanin kowace rufewa da buɗewa masu binciken sun watse, wasu jami'a, wasu ofisoshin lauyoyi, wanda ya zo daga baya kuma sai ya fara daga tushe.

A nan Saudiyya tsarin dabam ne. Babu hukuma mai zaman kanta irin ta Ingila da aka kafa a 1965. Nazarin daftarin dokoki yana bi ne ta ma'aikatar da abin ya shafa, da Hukumar Ƙwararru ta majalisar ministoci, da Majalisar Shura, sannan a fitar da shi da umarnin sarki. Ta irin wannan hanya aka samu dokar hujjoji a ƙarshen 2021, da ta zamantakewar iyali a 2022, da ta mu'amalolin jama'a a 2023. Misalin da zai gamsar da malaminka kuwa shi ne na tsarin shari'a na 2007, wanda ya zo da takarda ta musamman mai bayyana yadda za a cire sassan shari'ar kasuwanci daga Diwanul Mazalim, wato kotun da ke sauraren ƙorafi a kan hukumomin gwamnati, a mayar da su kotunan da ke ƙarƙashin tsarin shari'a na gama-gari, tare da alƙalansu da mataimakansu da guraben aikinsu da ƙararrakin da ke hannunsu. Kotunan kasuwanci ba su fara aiki da kansu ba sai 2017, na ƙwadago kuma 2018. Shekara goma ke nan tsakanin rubutawa da aiwatarwa, amma a duk tsawon lokacin tsofaffin sassan sun ci gaba da sauraren ƙara, domin takardar ta ce kada su ajiye aiki sai wanda zai karɓa ya shirya. A ganina wannan sharaɗi ya fi duk sauran muhimmanci.

Ummu Hanan (Jidda):

Malam Abu Safwan ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni zan taɓa ɓangaren ma'aikata ne kawai, domin a sashen kula da ma'aikata nake aiki, kuma na taɓa kasancewa a wani wuri lokacin da aka haɗe shi da wani.

Ɗana, amsar tambayarka a taƙaice ita ce shekarun ma'aikaci suna binsa, in dai an rubuta. Dokar ƙwadago ta nan ƙasar, a sashe na 18, ta ce idan mallakar wurin aiki ta koma hannun wani, ko siffarsa ta shari'a ta canza ta hanyar haɗewa ko rabuwa, kwantiragin ma'aikata yana nan daram kuma ana lissafa hidimarsu a matsayin wadda ba ta yanke ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda sashe na 84 ya tsara kuɗin sallama a kan rabin albashin wata ga kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka. Wanda ya yi shekara goma sha biyu aka mayar da shi sabon ma'aikaci, ko da an biya shi na baya, an dawo da shi kan lissafin rabin wata ke nan.

Inda abin yake rikicewa shi ne a hukumomin gwamnati, domin ba tsari ɗaya ake bi ba. Akwai ma'aikatan da ke kan tsarin aikin gwamnati mai matakai goma sha biyar, akwai waɗanda aka ɗauka da kwantiragi a kan dokar ƙwadago, kuma a da kowane rukuni da inda ake tara masa fansho. Idan sabuwar hukumar a kan dokar ƙwadago za ta yi aiki, to an fitar da mutum daga wata riga an sa shi a wata. Don haka ne tun 2003 aka yi dokar da ke ba mutum damar haɗa shekarunsa na tsarin fansho biyu, a 2021 kuma aka haɗe hukumar fansho da ta inshorar ma'aikata, aka kuma fitar da ƙa'idojin yadda za a yi da ma'aikatan sassan da ake sauya wa fasali. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu kuma ba 'yan ƙasa ba ne, iƙamarsu, wato takardar izinin zama, tana ɗaure da sunan wurin aiki, saboda haka idan sunan ya ɓace daga na'ura kafin a shigar da sabon, sabunta iƙama da inshorar lafiya da bizar fita da dawowa duk sai su tsaya cik.

Lokacin da aka haɗe namu wurin, an kawo mana fayilolin ɗaya ɓangaren cikin kwalaye, irin koren fayil ɗin nan mai rataya da kowa ya sani, an ɗaure su da igiya goma-goma. Na wani dattijo mai fassara ya zo babu takardar da ke nuna ragowar kwanakin hutunsa, kuma na'urar tsohon wurin an riga an rufe ta. Bawan Allah nan ya riƙa zuwa da tarin takardun neman hutu da ya adana a cikin leda tun shekarun baya, muna zaune da shi muna ƙirga kwanaki da biro, kafin aka amince aka mayar masa da haƙƙinsa. Umarnin haɗewar layi ɗaya ya rubuta a kan ma'aikata, cewa an mayar da su da dukkan haƙƙoƙinsu. Aiwatar da layin nan ya ci mana watanni.

Wani abu kuma da doka ba ta iya hanawa: wanda ya fi ƙwarewa shi yake fara tafiya. Da zarar jita-jitar rushewa ta fito, wanda ake nemansa a waje ba ya jiran ya ga yadda za ta kaya. A wurin da aikinsa bincike ne, idan mutum uku da suka san tarihin wani batu suka tafi, kwalayen takardu ba za su yi wa wanda ya zo bayani ba.

Baba na Mai Wurno (Makka):

Sallama ga jama'a. Yaro, ka yi tambaya mai kyau, kuma Abu Safwan da 'yata Ummu Hanan sun ba ka abin da za ka rubuta. Ni dai ina so in rage muku ɗan zafin yarda da takarda, domin a Sudan, inda na fito bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, mun ga tanadin wucin gadi da aka rubuta da kyau amma bai hana giɓi ba.

Takardar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya da aka sa wa hannu ranar 17 ga Agustan 2019 ta lissafa hukumomi masu zaman kansu da za a kafa, a cikinsu har da ta gyaran dokoki, da ta yaƙi da rashawa, da ta gyaran aikin gwamnati. Ta kuma ce za a kafa majalisar ƙoli ta shari'a wadda za ta maye gurbin hukumar kula da aikin alƙalai da ake da ita tun bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 tsakanin arewaci da kudancin Sudan, ta karɓi ayyukanta, kuma ita ce za ta zaɓi alƙalan kotun tsarin mulki. To, wa'adin alƙalan wannan kotu ya ƙare a watan Janairun 2020, majalisar da za ta zaɓi sababbi kuma ba a kafa ta ba. Aka wayi gari ƙasa ba ta da kotun tsarin mulki, aka yi shekaru a haka, ƙararrakin da ke jiran hukuncinta suna jibge, har da na mutanen da aka yanke wa hukuncin kisa. An rubuta magaji a takarda, an sallami na da, magajin kuma bai iso ba.

Majalisar dokokin riƙon ƙwarya ma ba a taɓa kafa ta ba. Zaman haɗin gwiwa na majalisar mulki da ta ministoci shi ya riƙa zartar da dokoki. Manyan gyare-gyaren da aka yi wa dokar laifuffuka ta 1991 a watan Yulin 2020, ciki har da haramta kaciyar mata, daga ma'aikatar shari'a suka fito a zamanin minista Nasruddin Abdulbari, ba daga wata hukuma mai zaman kanta ba. An yi ta muhawara a kansu a masallatai da jaridu, wasu suna yabo wasu suna suka, amma bayan an riga an zartar. Sai ga 25 ga Oktoban 2021, sojoji suka karɓe mulki, maganar hukumomi ta koma gefe.

Saboda haka ina ɗan saɓa wa Abu Safwan a wuri ɗaya. Ya nuna kamar rufe hukumar Kanada asara ce tsagwaronta, ni kuwa ina tambaya, daftarin da aka gama a 1987 aka bar shi shekara biyar ba a mayar da shi doka ba tun hukumar tana raye, laifin rufewa ne? Hukumar da ke zaune nesa da gwamnati tana da 'yancin faɗin gaskiya, amma ba ta da hannun da za ta kai ƙudiri majalisa. Ma'aikatar shari'a tana da hannun, amma takan yi gaggawa, kuma abin da ministan wannan shekara yake so shi take dubawa. Idan gwamnati ta ce za ta rushe hukuma ta mayar da aikinta cikin ma'aikata, ba kullum mugunta ba ce, wani lokaci gajiya ce da biyan kuɗin rahotannin da ba a karantawa. Abin da zan ce ka bincika shi ne, bayan an mayar da aikin, wa ke da ikon zaɓen batun da za a duba, kuma shin za a buga sakamakon ko da bai yi wa minista daɗi ba. Ma'aikacin da aka mayar da shi da albashinsa cif-cif, amma rahotonsa ba ya fita sai da sa hannun wanda rahoton yake suka, ba aikinsa na da yake yi ba.

Ɗan Madina:

Na gode ƙwarai, Malam, da Mama, da Baba. Allah ya ƙara girma. Maganar Baba ta tayar mini da wata tambaya: idan matsalar ita ce gwamnati ba ta aiwatar da rahotanni, akwai ƙasar da ta gyara wannan ba tare da ta rushe hukumarta ba? Kuma a misalin Kanada, ta yaya hukumar da aka rufe a 2006 ta dawo ba tare da an ji labarin sabuwar doka ba?

Abu Safwan (Riyad):

Baba, na karɓi gyaranka a kan daftarin 1987, gaskiya ne har zuwa lokacin rufewar ba a mayar da shi doka ba. Sai dai ina ganin da hukumar tana nan, da akwai mai tunatarwa.

Ƙanena, Ingila ta gwada abin da kake tambaya. A 2009 majalisarsu ta yi wata gajeriyar doka da ta wajabta wa ministan shari'a ya riƙa kawo rahoto a kan shawarwarin hukumar: wanne aka aiwatar, wanne ake shirin aiwatarwa, wanne aka ƙi kuma saboda me. An kuma ƙulla yarjejeniya tsakanin hukumar da gwamnati cewa kafin a fara wani aiki sai ma'aikatar da abin ya shafa ta nuna da gaske take son gyara a fannin, sannan majalisar dattawansu tana da hanya ta musamman ta wuce da ƙudirorin hukumar waɗanda babu jayayyar siyasa a cikinsu. Wannan bai tilasta wa kowa karɓar shawara ba, ya dai hana a yi shiru. Yana kuma da farashi, domin hukumar da sai minista ya nuna sha'awa take fara aiki ta ba da wani yanki na 'yancin da Baba yake magana a kai.

Game da Kanada, a 2006 ba a soke dokar 1996 da ta kafa hukumar ba, kuɗi kawai aka janye, aka rufe ofis. Dokar ta ci gaba da zama a littafi, shi ya sa da aka tashi dawo da ita naɗa shugaba da ware kuɗi kawai aka yi. Haka ta faru a Ailan ta Arewa, inda hukumar da aka kafa a 2007 domin ta maye gurbin wani kwamitin ba da shawara ta daina aiki a 2015 saboda ƙarancin kuɗi, alhali dokarta tana nan. Ka ware wa wannan babi na musamman a bincikenka, domin a irin wannan rufewa babu dokar wucin gadi ko ɗaya da ake kawowa majalisa, saboda haka makomar ma'aikata da ta ayyukan da ke kan tebur a ofis ake yanke ta, ba a gaban wakilan jama'a ba. Idan ka kwatanta shi da na Ostireliya na 1996, inda aka rubuta komai aka yi muhawara a kai, za ka samu ginshiƙin babinka na biyu. Ka nemi nassin dokokin da kansu, kada ka dogara da taƙaitawar wasu, sannan ka nemi takardar aiwatar da tsarin shari'a na 2007 a ɗakin karatun kulliyarku ka karanta sashen da ya yi magana a kan kotunan kasuwanci da na ƙwadago.